Ɗaukar Nauyin Horar da Matuƙan Jirgin Sama: Yadda Ake Zaɓe da Yadda Ake Biya

Matuƙin jirgin fasinja yana kaiwa ga kujerarsa ne ta ɗaya daga hanyoyi uku. Ko dai iyayensa su biya masa kuɗin karatu, ko ya shiga soja a horar da shi sannan daga baya ya koma jiragen farar hula, ko kuma wani kamfanin jiragen sama ya ɗauko shi tun bai taɓa shiga ɗakin matuƙa ba, ya horar da shi, ya ba shi aiki. Hanya ta uku ce batun wannan lacca, domin ita ce ta fi dacewa da yaron da Allah ya ba kai amma gidansu ba su da ƙarfi, kuma irin waɗannan yara suna da yawa a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe.

Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, tsakanin filayen jirgin sama biyu: na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato, da na Sardauna Ahmadu Bello a Ambursa kusa da Birnin Kebbi. Mutumin Dogon Daji ko Jabo ko Sanyinna, da na Kebbe da Kuchi, ya san jirgi a matsayin abin da ke kwasar alhazai kowace shekara. Abin da ba a cika sani ba shi ne yadda mutum biyun da ke zaune a gaban jirgin suka kai wurin. Sharuɗɗan a rubuce suke, kuma babu inda suka ambaci garin da mutum ya fito ko sunan mahaifinsa.

Lasisin tuƙi hawa-hawa ne. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, NCAA, ce ke bayar da shi a Najeriya, bisa ƙa'idojin hukumar duniya ta ICAO mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada. Matakin farko shi ne lasisin tuƙin ƙashin kai, wanda ake samu daga shekara 17 bayan an yi aƙalla awa 40 a sama, kuma ba a cin abinci da shi. Lasisin kasuwanci ne ke ba mutum damar karɓar albashi. Yana buƙatar shekara 18 da awa 200, ko 150 idan a makarantar da hukuma ta amince da tsarinta aka yi karatun daga farko har ƙarshe. A kansa ake ƙara izinin tuƙi da na'urori kaɗai, wato lokacin da hazo ko gajimare ya rufe ido, da izinin tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya. Lasisin ƙoli, wanda sai da shi ake zama kyaftin a babban jirgi, yana buƙatar shekara 21 da awa 1,500. Banda waɗannan duka akwai wata takarda da mutane da yawa ba su san da ita ba sai sun gama karatu, ita ce izinin samfuri. Wanda zai tuƙa Boeing 737 sai ya yi kwas na musamman a kan Boeing 737, kuma wannan takardar ba za ta ba shi damar tuƙa Airbus A320 ba. Kuɗin kwas ɗin kan kai dala 20,000 ko fiye.

Tsadar karatun daga waɗannan awoyi take fitowa. Kowace awa ɗaya a sama mai ne, da ladan malami, da gyaran jirgi, da inshora, kuma galibin waɗannan da dala ake sayen su. Idan Naira ta faɗi, kuɗin makaranta ya tashi ke nan ko da ba a ƙara wa ɗalibi darasi ko ɗaya ba. A Ingila ana ƙiyasta kuɗin horar da matuƙi ɗaya daga tushe a kan fam 100,000. A Najeriya abin bai kai haka ba, amma miliyoyin da ake nema sun fi ƙarfin manomin gero da dawa, sun fi ƙarfin malamin firamare ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ko da zai haɗa gona da shanu ya sayar.

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan saman Birtaniya da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1964 aka kafa makarantar horar da ma'aikatan jiragen sama a Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da ICAO. Ita ce yau ake kira NCAT, Zazzagawa kuma suna ce mata Abiyeshan, tana nan a Palladan a bakin hanyar da ta nufi Funtuwa da Gusau har Sakkwato. A lokacin da kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Airways, yake da ƙarfinsa, shi ne babban mai ɗaukar nauyin ɗalibai da kuma ɗaukar waɗanda suka gama aiki. Yaro ya ci jarrabawa, a horar da shi, ya fito ya tarar da kujera tana jiransa. Daga Zariya Kyaftin Chinyere Kalu ta fito, mace ta farko 'yar Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, wadda daga baya ta shugabanci makarantar, kuma wannan ya isa hujja cewa ƙofar ba ta maza kaɗai ba ce. Da kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya durƙushe a 2003, sai wannan gada ta karye. Makarantu suka ci gaba da yaye ɗalibai, har jihar Kwara ta buɗe tata kwalejin a Ilorin, amma babu wani babban kamfani da ya gaji nauyin da na ƙasa ya ɗauka.

Kamfanoni masu zaman kansu sun taso a Arewa tun daga Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo a 1980, zuwa Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal, da Azman Air na Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina, da Rano Air. Sai dai kamfanin da jiragensa ba su da yawa, kuma yake fama da tsadar mai da ƙarancin dala, ya fi samun sauƙi ya ɗauki matuƙin da ya riga ya ƙware, ɗan ƙasa ko baƙo, a kan ya jira shekara biyu yana ciyar da ɗalibi. Wani misalin ɗaukar nauyi da ya daɗe a ƙasar nan yana ɓangaren jirage masu saukar ungulu. Kamfanin Bristow, mai jigilar ma'aikatan haƙar mai a gaɓar teku, ya yi shekaru yana zaɓar matasa 'yan Najeriya yana horar da su a gida da kuma makarantar da ya taɓa mallaka a jihar Florida ta Amurka, sannan ya ɗauke su aiki.

Kamfani ba sadaka yake yi ba idan ya ɗauki nauyin ɗalibi. Dokar ICAO ta tsayar da shekara 65 a matsayin iyakar tuƙin jiragen kasuwanci tsakanin ƙasashe, saboda haka kowane kamfani ya san shekarar da kyaftin-kyaftin ɗinsa za su ajiye aiki, kuma ya san adadin jiragen da ya yi oda. Daga wannan lissafi yake fitar da yawan ɗaliban da zai ɗauka. Tsarin ya yi kama da na yaron mota a tasha: ubangida ya koya masa tuƙi da motarsa da mansa, shi kuma ya biya da hidimar shekaru kafin ya tsaya da ƙafarsa. Tunda kamfani dukiyarsa zai zuba, yana tsananta zaɓe fiye da makarantar da ke karɓar kuɗi a hannun ɗalibi. Lokacin da British Airways ya buɗe shirinsa na Speedbird a 2023, inda ya ce zai biya wa ɗalibai har 60 dukkan kuɗin karatu, fiye da mutum 20,000 ne suka nema.

Zaɓen yana farawa da takardu. A Zariya ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Ingilishi da Lissafi da Fiziks. Wasu kamfanoni suna ƙara sharaɗin digiri, wasu ba sa ƙarawa. A nan ne yaran karkara da yawa suke faɗuwa tun kafin a fara, domin an raba su zuwa ajin kimiyya ko na adabi a farkon babbar sakandare ba tare da wani ya gaya musu abin da wannan rabo zai rufe musu ba, ko kuma makarantar ba ta da malamin Fiziks tsayayye. Gwamnatin Sakkwato ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2015, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, kuma wannan fage yana cikin wuraren da ake ganin amfanin irin wannan mataki ko rashinsa ƙarara. Akwai kuma wani ƙaramin abu mai yawan kayar da mutane: suna da ranar haihuwa dole su zo ɗaya a takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa da lambar NIN da fasfo. Yaron da aka rubuta Muhammadu a nan, Mamman a can, zai sha wahalar da bai kamata ya sha ba.

Sai gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, wanda likitan da NCAA ta amince da shi kaɗai ke yi. Ana duba ido da kunne da zuciya da jini da fitsari da huhu. Sanya tabarau ba ya hana mutum tuƙi muddin yana gyara ganinsa zuwa ma'aunin da ake so. Abin da ke hanawa shi ne kasa bambance launi, musamman ja da kore, domin fitilun titin jirgi da na fukafukai da alamomin cikin ɗakin matuƙa da launi suke magana. Ana haifar mutum da wannan larura, ta fi yawa a maza, kuma da yawa ba su san suna da ita ba sai an buɗe musu littafin gwaji mai ɗige-ɗige an ce su karanta lambar da ke ciki. Farfaɗiya da wasu cututtukan zuciya su ma suna rufe ƙofa. Shawarar da ta fi kowace muhimmanci ga iyaye ita ce a yi wannan gwaji kafin a kashe ko kwabo a kan wani abu, domin kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da na karatun, kuma shi ne ke nuna ko akwai tafiya ko babu.

Bayan lafiya sai gwajin basira a kwamfuta. Ana ba mai nema lissafin ka da lokaci ƙayyadadde, ana gwada yadda yake riƙe lambobi a ƙwaƙwalwa, da yadda yake gane inda jirgi ya dosa idan aka juya masa hoto, da yadda hannunsa da ƙafarsa da idonsa suke aiki tare. Sau da yawa akan haɗa masa ayyuka biyu ko uku lokaci guda, yana bin layi da sanda, yana sauraron lambobi a kunne, yana kashe fitilar da ta kama. Cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, ita ce ke yi wa kamfanin Lufthansa irin wannan gwaji a Hamburg, kuma ta yi suna wajen tsanani. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawar JAMB yana shiga wannan gwaji da rauni wanda ba na basirarsa ba ne, na rashin sabo ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ɗakin kwamfuta mai aiki a makarantun Tambuwal da Kebbe yana cikin shirin tuƙin jirgi kai tsaye.

Ingilishi yana da nasa ma'auni. ICAO ta kasa ƙwarewar harshen gida shida, ta ce matuƙin da zai yi magana da hasumiya a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa sai ya kai mataki na 4. Ba nahawun takarda ake aunawa ba. Ana so a ji mutum ya fahimci magana ta rediyo mai ƙara, daga bakin Bahabashe ko Balarabe ko Bafaranshe, ya kuma bayyana matsalar da ba ta cikin littafi a fili ba tare da in-ina ba. Ɗalibi na iya cin kiredit a Ingilishi alhali bai taɓa yin hirar minti goma da harshen ba.

Mataki na ƙarshe, wato aikin rukuni da ganawa da manyan matuƙa, shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ana haɗa masu nema shida ko takwas a ba su matsala su warware tare, masu zaɓe suna gefe suna kallon wanda ke sauraro, da wanda ke danne kowa, da wanda ya ga kuskure ya yi shiru. Dalilin wannan gwaji hatsarori ne da suka faru. A 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin jirgi a tsibirin Tenerife, mutum 583 suka mutu, kuma cikin abin da bincike ya nuna akwai yadda na ƙasa suka kasa tsayar da babban kyaftin da ya ƙudurta tashi. Mutanen Sakkwato ma suna da nasu tabon. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu da rahama. Rahoton bincike ya danganta hatsarin da shawarar tashi cikin mummunan yanayi da kuma yadda aka tunkari iskar da ta juya farat ɗaya. Saboda irin waɗannan darussa, kamfanoni suna neman matashin da zai iya ce wa kyaftin mai furfura, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba, cewa abin da ake shirin yi ba daidai ba ne. Tarbiyyar gidan Bahaushe ta kunya da kawaici da sunkuyar da kai gaban babba abu ne mai daraja, kuma tana ba yaro natsuwa da biyayya ga ƙa'ida waɗanda aikin yake so. Amma dole a haɗa masa da sanin cewa a ɗakin matuƙa yin shiru a kan kuskure laifi ne. Malaman da ke shirya muhawara da kacici-kacici a makarantu suna gina wannan hali ko da ba su sani ba.

Kalmar ɗaukar nauyi ta ƙunshi tsare-tsare mabambanta, kuma wajibi ne a san wanne ake magana a kai kafin a sa hannu. Akwai inda kamfani ke biyan komai, kamar shirin Speedbird da na Air France da aka farfaɗo da shi a 2018. Akwai inda kamfani ke biya amma ya ɗaure ɗalibi da yarjejeniyar zama, kamar Singapore Airlines da ke neman shekara bakwai, wanda ya tafi kafin lokacin ya biya diyya. Akwai inda ake cire kuɗin daga albashi kaɗan-kaɗan bayan an fara aiki. Akwai kuma inda ɗalibi ne ke nemo kuɗin, kamfani ya tsaya masa a banki. Shirin British Airways na 2011 irin wannan ne: ɗalibi ya ajiye fam 84,000, kamfani ya mayar masa a hankali cikin shekarun aikinsa. Mafi rauni duka shi ne inda sunan kamfani kawai aka liƙa a jikin makaranta, ɗalibi ya biya komai, abin da aka yi masa alkawari bai wuce ganawa ba idan ya gama. A Afirka, kamfanin Ethiopian Airlines ne ya fi nuna abin da tsari mai ɗorewa ke haifarwa, domin tun 1964 yake da makarantar matuƙa tasa a Addis Ababa, yana horar da nasa har da na wasu ƙasashe. Ko alkawarin babban kamfani ma yana iya warwarewa. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage, makarantar Lufthansa da ke Bremen ta shaida wa ɗalibai kusan 700 cewa babu aiki a gabansu nan kusa.

Darasin da ya fi kusa da gida daga Kano ya fito. A 2013 gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 zuwa ƙasar Jordan domin koyon tuƙin jirgi. Niyyar kyakkyawa ce, kuma ta tabbatar da cewa 'ya'yan talakawan Arewa suna iya wannan karatu. Amma da suka dawo da lasisin kasuwanci, da yawa daga cikinsu sun daɗe ba su samu kujera ba, domin babu izinin samfuri, babu kamfanin da ya yi alkawarin ɗaukarsu, ga kuma buƙatar mayar da lasisin waje zuwa na NCAA. Lasisi kuma ba ya jira. Takardar lafiya tana ƙarewa duk shekara, izinin tuƙi da na'urori yana buƙatar sabuntawa, hannu yana sanyi idan an daɗe ba a tashi ba, kuma kowace sabuntawa kuɗi ce a kan wanda ba shi da albashi. Bambancin tallafin gwamnati da na kamfani ke nan: gwamnati tana biya har zuwa takarda, kamfani yana biya har zuwa kujera. Duk wata gwamnati ko attajiri ko ƙungiyar ci gaban gari da ke son fitar da matuƙa daga kudancin Sakkwato, ya fi mata alheri ta ɗauki yara biyar ta kai su har izinin samfuri bisa rubutacciyar yarjejeniya da wani kamfani, a kan ta tura hamsin su dawo su zauna.

Maganar bashi tana da wani ɓangare da ba a tsallake shi a wannan yanki, wato kuɗin ruwa. Iyaye da yawa ba za su yarda ɗansu ya fara rayuwa da riba a wuyansa ba, kuma suna da hujja. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, da hukumar bayar da tallafin karatu ta jiha, wurare ne da za a iya gina tsarin rance marar ruwa, inda matuƙin da ya fara karɓar albashi zai mayar da abin da aka kashe masa domin a horar da na bayansa. Wanda kuma ba shi da ko ɗaya daga waɗannan, hanyar soja tana nan ta makarantar NDA da ke Kaduna, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin komai, sai dai mutum ya shiga da sanin cewa soja zai zama kafin matuƙi, kuma ba kowane hafsan sojan sama ake zaɓa ya tuƙa jirgi ba.

Kafin uba ko waliyyi ya sa hannu a kan kowace yarjejeniya, akwai tambayoyin da dole a ga amsarsu a rubuce. Wa zai biya idan ɗalibi ya faɗi gwajin tashi aka sallame shi a tsakiyar karatu? Me zai faru idan rashin lafiya ya hana shi lasisi ba da laifinsa ba? Idan kamfanin ya rushe, ko ya jinkirta ɗaukarsa aiki shekara guda ko biyu, bashin yana nan a kansa? Izinin samfuri da kuɗin abinci da masauki suna ciki? Da Naira aka rubuta adadin ko da dala? Idan an nemi jingina, a san cewa gida ko gonar gado ake ɗorawa a kan sakamakon da ba a hannun yaron kaɗai yake ba, kuma ya kamata lauya ya karanta takardar tukuna.

'Yan damfara ma sun shigo wannan fage, suna yaɗa tallan gurbin karatu a WhatsApp da Facebook da tambarin manyan kamfanoni. Kamfanin gaskiya a shafinsa na intanet yake sanar da shirinsa, ba ya neman a tura kuɗin fom zuwa asusun wani mutum, kuma ba ya sayar da gurbi ta hannun ɗan tsakiya. Yawancin shirye-shiryen kamfanonin waje na 'yan ƙasarsu ne ko masu izinin aiki a can, saboda haka duk wanda ya ce zai samar wa ɗan Kebbe gurbi a Emirates ko British Airways da kuɗi kaɗan, a bincike shi sosai. Makarantar da ke cikin Najeriya kuwa, ana iya tabbatar da ita ta hanyar tambayar NCAA ko tana cikin jerin cibiyoyin horarwa da ta amince da su.